Defender ko wani antibairos daban? Shawara ga mai kwamfuta a ƙauye idan burauza ta fara gardama

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu a yankin Ringim, Taura, Gabasawa da Gezawa na hannu ne. An sayo su a birnin Kano, a Farm Centre ko Beirut Road, mai shago ya ɗora musu Windows, ya zuba manhajoji, ya ƙara da antibairos, wato manhajar kare kwamfuta daga cuta, ɗaya ko biyu don mai saye ya ga an yi masa aiki. Kwamfutar takan yi watanni lafiya lau, saboda ba ta cika hawa intanet ba. Sai ranar da aka jona ta da data ta waya don a duba sakamakon JAMB ko a ciro lambar Remita, antibairos ya samu hanya ya sabunta kansa, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox, ita ma ta sabunta, daga nan shafuka su ƙi buɗewa. Chrome ya fito da jan gargaɗi, Firefox ya ce bai yarda da shafin ba, wani lokaci ma burauzar ta buɗe ta rufe kanta nan take. Alhali a waya, da wannan datar, komai yana tafiya.

Mai irin wannan matsala yana da zaɓi uku a gabansa: ya bar Microsoft Defender da ke cikin Windows ya yi aikin shi kaɗai, ko ya ci gaba da na kyauta irin su Avast da AVG, ko ya sa kuɗi ya sayi irin su Kaspersky, ESET da Bitdefender. Ra'ayina shi ne ga yawancin gidaje na farkon ya fi, amma akwai waɗanda bai ishe su ba, kuma ba za a gane dalili ba sai an san abin da ke haddasa rigimar tun asali.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https, abin da ke kai-komo tsakaninsa da kwamfutarka a kulle yake. Shafin yana gabatar da takardar shaida, burauza ta duba ko wata hukuma da ta amince da ita ce ta sa hannu a kai, sannan ta buɗe. Antibairos da ke son ganin abin da ke cikin wannan kulle ba shi da dabara sai ya shiga tsakani. Kamar mai gadi ne da ya ce duk wasiƙar da aka kawo wa maigida sai ya farke ambulan ya karanta, ya sa ta a sabo, ya buga hatiminsa. Muddin maigida ya san hatimin, babu rigima. Ranar da mai gadi ya canza hatimi bai sanar ba, ko wasiƙar ɗan cikinsa ce maigida zai mayar da ita. Antibairos yana dasa tasa takardar shaida a cikin kwamfutar, kuma idan sabuntawa ta canza takardar, ko burauza ta canza ƙa'idar abin da take karɓa, sai ka ga Chrome ya rubuta NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, Firefox kuma SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER, a kan shafukan da ba su da laifin komai.

Wannan ba zato ba ne. A ƙarshen Janairun 2019 Mozilla ta fitar da Firefox 65, cikin kwanaki kaɗan ta dakatar da tura shi ga masu Windows, saboda masu Avast da AVG da yawa sun daina iya buɗe shafuka. Sai a Firefox 68, a watan Yulin shekarar, aka koya wa burauzar ta riƙa lura da irin wannan shiga-tsakani ta gwada gyara shi da kanta. A 2017 Google ya bayyana cewa masu kwamfutocin da wata manhaja ke cusa kanta a cikin Chrome sun fi sauran fuskantar rufewar burauza ba zato da kashi 15 cikin ɗari, daga nan ya fara toshe wannan ƙofa. A Satumban 2022 antibairos mai suna Malwarebytes ya toshe shafukan Google da YouTube bisa kuskure na wasu sa'o'i, sannan a Yunin 2023, bayan wata sabuntawar Windows 11, Chrome ya ƙi fitowa a kwamfutoci masu Malwarebytes har sai da kamfanin ya yi gyara. Manyan kamfanoni ne, masu ƙwararrun ma'aikata, amma manhajoji biyu da kowacce ke sabuntawa a nata lokaci dole wata rana su saɓa.

A wajenmu abin ya fi tsanani, saboda yadda muke hawa intanet. Kwamfutar da ke ofis a birni kullum tana kan layi, idan kamfani ya yi kuskure da safe, gyaran zai iso ta da yamma, mai ita ma bai lura ba. Tamu kuwa tana yin wata uku ba ta ga intanet ba, sai ta tashi tsallake sabuntawa da yawa a zama ɗaya. Ana tsaka da saukewa sabis ya ɗauke, ko data ta ƙare, ko batiri ya mutu babu wuta. Antibairos ya tsaya rabi sabo rabi tsoho, ɓangarensa mai tace intanet ya maƙale, shi kuwa duk abin da zai shiga burauza ta hannunsa yake bi. Gyaran da zai warware matsalar yana can a intanet ɗin da shi kansa ya toshe.

A nan Defender ya yi wa sauran fintinkau. Ba ya farke ambulan. Yana duba fayil lokacin da ya sauka a kwamfuta da lokacin da za a buɗe shi, ya bar burauza ta tantance takardun shafuka da kanta. Aikin gargaɗi a kan shafukan damfara kuma dama akwai masu yin sa: SmartScreen a cikin Edge, burauzar Microsoft, da Safe Browsing na Google a cikin Chrome da Firefox. Tun Windows 8, a 2012, Defender ya zama cikakken antibairos, yana nan a cikin Windows 10 da 11, ba a biya, ba ya ƙarewa, ba ya damun ka da talla. A shekarun baya an raina shi, kuma da gaskiyar masu raina shi a lokacin. Amma a 'yan shekarun nan cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, suna jera shi tare da manyan na kuɗi wajen tare cuta idan kwamfuta tana kan layi.

Shi ma yana da nasa tarihin tuntuɓe. A Satumban 2011 yayansa, Microsoft Security Essentials, ya ɗauki Chrome a matsayin bairos mai satar bayanan banki, ya goge shi daga kwamfutocin mutane. A Satumban 2022 Defender ya wuni yana ƙararrawar ƙarya duk lokacin da aka buɗe Chrome ko Edge. Bambancin shi ne irin waɗannan kurakurai na jerin sunayen cuta ne, sabon jeri yana saukowa su wuce, kuma ba su cika hana kwamfutar kaiwa ga intanet don karɓar gyara ba.

Rauninsa na gaske, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne yana dogara sosai da intanet. Idan ya ga fayil da bai sani ba yakan tambayi cibiyar Microsoft nan take. A gwaje-gwajen AV-Comparatives an sha ganin abin da yake kamawa ba tare da intanet ba ya yi ƙasa da na irin su Bitdefender da ESET. Mu kuwa cutar da ta fi addabar mu ba ta intanet take shigowa ba. Filas ce ke kawo ta: wadda aka kai shagon buga takardu a Ringim ko Wudil, wadda ɗalibi ya dawo da ita daga makaranta a Dutse ko Kafin Hausa, katin waya da aka kai wa masu tura waƙa da fina-finai a kasuwa. Don haka duk wanda ya zaɓi Defender sai ya ɗauki nauyin sabunta shi. Idan ka sa alamar Metered connection don Windows kada ya shanye maka data, wanda abu ne mai kyau, to ka riƙa shiga Windows Security, ka buɗe Virus & threat protection, ka danna neman sabuntawa da hannunka duk lokacin da ka jona. Akwai kuma hanyar da mutane da yawa ba su sani ba: Microsoft yana ajiye dukan jerin a fayil ɗaya mai suna mpam-fe.exe a shafinsa. Wanda ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi zai iya saukewa, ya zo da shi a filas mai tsabta, a sabunta kwamfutoci da yawa ba tare da kowa ya ƙona data ba. Makarantar da ke da kwamfutoci a ƙauye, wannan ya kamata ya zama aikin mutum ɗaya duk mako ko biyu.

Na kyauta na wasu kamfanoni su ne suka fi yawa a kwamfutocinmu, kuma su ne na fi jinkirin ba da shawararsu. Wajen kama cuta ba su da laifi, Avast da AVG suna samun maki mai kyau a gwaji. Matsalar ita ce abin da ke zuwa tare da su. Tace shafukan https yana kunne tun daga farko. Suna so su liƙa wa burauzarka ƙarin kayansu, wani lokaci su tallata maka tasu burauzar. Kullum akwai saƙon cewa kwamfutarka tana cikin haɗari sai ka biya, abin da ke tayar da hankalin dattijon da bai san talla ba ne. A kwamfuta mai RAM na giga 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, nauyinsu yana fitowa fili. Sannan akwai batun amana. A Disamban 2019 Mozilla ta cire ƙarin kayan Avast da AVG daga rumbunta saboda yawan bayanan da suke kwasa, a Janairun 2020 Avast ya rufe reshensa mai suna Jumpshot da ke sayar da bayanan yawon mutane a intanet, a Fabrairun 2024 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16.5 a kan lamarin. Mai tunanin zai gudu daga Avast ya koma AVG ya sani Avast ya sayi AVG tun 2016, kuma yanzu su biyun da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon hedimasta, ya aiko jikansa ya kira ni ana gobe za a rufe rajistar makarantar 'yarsa. Na same shi a zaure, kwamfutar a kan tabarma, wayar da ke ba ta data an rataye ta a jikin taga inda sabis ya fi kamawa. Ya ce, "Ɗana, an ce mini sai an kai ta Kano an wanke ta gaba ɗaya." Takardunsa na fansho da hotunan aikin Hajjinsa duk suna ciki, babu kwafi a ko'ina. Na ce, "Baba, a ba ni minti kaɗan tukuna." Na fara duba agogon kwamfutar, domin kuskuren kwanan wata ma yana hana shafuka buɗewa, na ga daidai yake. Chrome ya ƙi, Edge ya ƙi, amma waya tana buɗe shafin rajistar. Na danna alamar da ke gefen adireshi na duba takardar shaidar, sai ga sunan antibairos ɗinsa a wurin da ya kamata a ga sunan hukumar da ta ba shafin takarda. Na kashe tace https a cikin saitinsa, na rufe burauza na sake buɗewa, shafin ya fito. Da ya tafi Kano, da ya biya kuɗin mota da na gyara, ya rasa takardunsa, a mayar masa da wannan antibairos ɗin.

Na kuɗi fa? Kaspersky, ESET da Bitdefender suna da ƙarfi, sun fi Defender natsuwa idan babu intanet, ba su da yawan talla, kuma ESET an san shi da rashin nauyi a kan tsofaffin kwamfutoci. Amma su ma duk suna farke ambulan, don haka biyan kuɗi bai raba ka da rigimar burauza ba. Abin da ya sauƙaƙa shi ne kowannensu yana da maɓallin kashe wannan aiki shi kaɗai: a Kaspersky ana samunsa a saitin Network, wajen encrypted connections, a ESET wajen SSL/TLS, a Bitdefender sunansa Encrypted web scan, a Avast da AVG kuma HTTPS scanning ne a ƙarƙashin Web Shield. Kashe shi ba ya kashe gadin fayiloli. Abin da ka sauke za a duba shi da zarar ya taɓa faifai. Kaspersky dai Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024, hanin bai shafi Najeriya ba, amma mai saye ya san da maganar.

Wa ya dace ya biya? Mai shagon buga takardu da filas ɗin mutane ke shiga kwamfutarsa daga safe zuwa dare. Mai yi wa ɗalibai rajista, wanda bayanan jama'a ke hannunsa. Mai tura waƙa da karatu a kasuwa. Ga waɗannan kuɗin lasisin shekara ɓangare ne na jarin sana'a, kuma na fi son su biya. Sharaɗi ɗaya ne: su tabbata za su iya sabunta lasisin idan shekara ta zagayo. Antibairos na kuɗi da wa'adinsa ya ƙare ya fi zama haɗari fiye da rashinsa, domin yana nan zaune da tsohon jeri, mai kwamfuta yana ganin alamarsa yana jin yana da kariya. Malamin makaranta da ke buga jarrabawa a gida, ko ɗalibi mai rubuta aikinsa na ƙarshe, gara ya sa kuɗin nan a data da filas ta biyu ta ajiye kwafin aikinsa.

Akwai wanda ba na sa shi a cikin zaɓi ko kaɗan: antibairos na sata, wanda aka fasa aka ɗora da makullin bogi. Manhajar da aka ba ikon taɓa kowane lungu na kwamfuta, har da buɗe abin da kake aika wa banki, ba za a karɓe ta daga hannun wanda ba a sani ba. Sau da yawa ma don kada kamfani ya gano, masu fasawar suna toshe masa hanyar sabuntawa. Haka nan tara manya biyu a kwamfuta ɗaya. Defender yana ja da baya da kansa idan ya ga an sa wani, amma biyu na waje ba sa yi wa juna wannan kara, kowanne yana son intanet ta bi ta hannunsa, kuma burauza ce ke shan wahala.

Smadav nasa daban ne, kuma na san yadda ake ƙaunarsa a nan. Daga Indonesiya yake, ƙarami ne, masu shi da kansu sun ce mataimaki ne ba babban mai kariya ba. Amfaninsa a kan filas ne: wannan cutar da ke ɓoye foldoji ta bar maka gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a jiki, yana kama ire-irenta ya fito da abin da aka ɓoye. Ana iya barin sa tare da Defender. Kada dai a ɗauka ya isa shi kaɗai. Kuma a sani, tun Windows 7 filas ba ta kunna abin da ke cikinta da kanta, sai an danna. Idan ka sa filas ka ga foldojinka sun koma masu kibiya, kada ka danna ko ɗaya, a nan cutar take jira.

Kafin a ɗora wa antibairos laifi, a duba agogo. Kwamfutocin hannu da yawa ɗan batirin da ke riƙe musu kwanan wata, mai kama da kwabo, CR2032 a yawancinsu, ya riga ya mutu. Da zarar babban batiri ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kowace takardar shaida ta zama kamar lokacinta bai zo ba, Chrome ya rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Gyara kwanan wata ya wadatar, canza ɗan batirin kuma ya kashe maganar. Idan agogo daidai ne, a gwada wata burauzar, a gwada shafin a waya, sannan a kashe tace https kaɗai a gani. Kada a kashe antibairos gaba ɗaya a manta da shi, kada kuma a saba da danna "ci gaba" a kan jan gargaɗi, musamman a shafin banki. Wanda ya yanke shawarar komawa Defender ya cire tsohon da kayan cirewa na kamfanin, Avast Clear, ko kavremover na Kaspersky, ko MCPR na McAfee, domin cirewa ta yau da kullum takan bar saura mai ci gaba da riƙe intanet. Bayan an sake kunna kwamfutar, a shiga Windows Security a ga alamar ta zama kore.

Duk wannan magana ta masu Windows 10 da 11 ce. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome 109 shi ne na ƙarshe da ke hawa kansa, Firefox kuma ya tsaya a 115. Defender ɗin da ke cikin Windows 7 ba cikakken antibairos ba ne. A irin wannan kwamfuta jan gargaɗi yakan fito ne daga tsufan takardun da ke cikinta, kuma babu antibairos da zai gyara hakan. Ta ci gaba da buga takardu, amma harkar banki da rajista a yi su a waya ko a wata kwamfutar.

Windows 10 shi ma tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin kwamfutocinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wanda ke neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma idan injin Intel ne, na zubi na 8 zuwa sama. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026 ga masu sigar 22H2, ya kuma ce Defender zai ci gaba da samun sabon jeri a Windows 10 har Oktoban 2028. Don haka mai Windows 10 yana da sauran lokaci da Defender. Wanda kuma zai shiga Kano sayen kwamfuta ta hannu yanzu, ya tambayi zubin injinta kafin ya tambayi farashi, ya kuma ce wa mai shago kada ya ɗora mata wani antibairos, zai yi amfani da na cikinta.